Mene Ne Sitika?

Akwai wata kalma da muke ji kullum a kasuwa da tashar mota. Kalmar ita ce sitika. Daga Turanci muka aro ta. Ma'anarta abu mai mannewa.

Sitika 'yar takarda ce, ko leda, mai rubutu ko hoto a gaba, da danƙo a baya. Ana rufe danƙon da wata takarda mai santsi. In za mu yi aiki da ita, sai mu ɓare takardar bayan, mu ɗora, mu danna da yatsa. Shi ke nan, ta kama.

A da ba haka ba ne. In mutum zai manna takarda, sai ya jiƙa ƙaro ya shafa mata. Kan sarki kuwa lasarsa ake yi kafin a manna a ambulan. A 1935 wani Ba'amurke, Stanton Avery, ya fara yin takardu masu manne kansu. A 1964 ƙasar Saliyo ta riga kowa fitar da kan sarkin da ba a lasa.

Yau ko'ina muka duba sai mun ga sitika. Direba yakan manna addu'a a bayan motarsa. Mai kanti yakan manna kuɗin kaya. 'Yan siyasa sukan raba tasu lokacin zaɓe. Har 'yan hotunan da ake aika wa juna ta waya ana ce musu sitika, ko da yake ba su da danƙo.

Amma fa mu lura. Sitika takan bayyana, takan kuma ɓoye. A jikin kwalbar magani akan rubuta sunansa, da yadda ake sha, da ranar da zai lalace. Wani marar tsoron Allah sai ya manna sabuwar sitika a kan tsohuwar, ya rufe ranar, ya sayar mana da lalataccen magani. Wanda bai iya karatu ba ya karɓa, ya kai wa ɗansa.

Saboda haka kafin mu biya, mu karanta. Mu shafa da yatsa. In mun ji wata takarda a ƙarƙashi, mu mayar masa da abinsa. Kada kuma mu manna sitika a ƙofarmu sai mun san abin da ta ce, gama da bakinmu take magana.

Ga amfanin karatu ke nan. Rigakafi ya fi magani.