Nokia N95 da iPhone: Karawar da ta mai da waya gidan sinima

Duk wanda ya riƙe babbar waya a shekarun 2000 ya san idan aka ce Nokia an gama magana. To wai shin, mai karatu, me ya sa yau sai ka zagaye majalisa guda da wuya ka ga mai kallon 'Labarina' ko 'Izzar So' a kan Nokia? Amsar ta na cikin wata karawa da aka yi a 2007, tsakanin Nokia N95 da iPhone ta farko.

Idan kayan ciki za a bi, ai N95 ta yi wa iPhone fintinkau. Kyamarar ta megafiksel 5 ce, da gilashin Carl Zeiss, ta na ɗaukar bidiyo, ta na da 3G da GPS, ga gurbin memori, ga batirin da za ka ɓalle ka sauya. Har waya ake jona mata ta haska hoto a talbijin. Ita kuwa iPhone da kamfanin Apple ya fitar a Amurka a watan Yuni na shekarar, kyamarar ta megafiksel 2 ce kacal, ba ta ɗaukar bidiyo ko na daƙiƙa ɗaya, babu 3G, babu gurbin memori. Kuma a haka aka sa mata dala 499 mafi araha!

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Fuskar iPhone inci 3.5 ce, ta N95 kuwa inci 2.6. A takarda bambancin kamar ba shi da yawa, amma sa fim ka kwantar da wayar ka gani. Apple sun cire madannai gaba ɗaya sun bar wa kallo fili, sannan su ka dasa manhajar YouTube a ciki tun daga kamfani. Ka shafa, ka zaɓa, ka kalla. A gani na nan ne Nokia ta yi sake: ta tara kaya masu kyau, amma kafin ka kai ga bidiyon da ka ke nema sai ka sha latse-latse.

Sai kuma rigimar Flash. A wancan zamanin yawancin bidiyon da ke intanet da wata manhaja ta kamfanin Adobe mai suna Flash ake kunna shi. Apple su ka ce atafau ba za ta shiga wayar su ba, har sai da YouTube ta riƙa juya bidiyoyin ta zuwa tsarin H.264 domin iPhone ta iya karantawa. A watan Afrilu na 2010 shugaban Apple, marigayi Steve Jobs, ya fito da buɗaɗɗiyar wasiƙa inda ya zargi Flash da zuƙe batir da rashin dacewa da wayar shafawa. Masu wayoyin Android su ka samu abin talla, su na cewa su kam tasu ta na kunna Flash. Ta na kunnawa kam, amma waya ta ɗau zafi, hoto ya riƙa sarƙewa. A Nuwamba 2011 Adobe da kan ta ta sanar da daina gina Flash ta wayoyi, a ƙarshen 2020 kuma aka yi jana'izar ta baki ɗaya. Ita ma Nokia a 2014 ta miƙa sashen wayoyin ta ga Microsoft.

Ina ruwan ɗan kallon fim ɗin Hausa da wannan faɗa na Turawa? Da ruwan sa ƙwarai. Waɗanda su ka ga zamanin 3GP za su tuna yadda ake tura fim a memori ko ta Bluetooth, fuskar jarumi ta dagule sai dai ka gane shi da murya. Da kallo a waya ya yi sauƙi, sai kasuwar kaset da faifai ta durƙushe, furodusoshi su ka koma YouTube da finafinai masu dogon zango.

Yau a wajen mu karawar ta fi zafi tsakanin Tecno, Infinix da itel (dukkan su fa 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Chaina) da kuma Samsung da Redmi. Har yanzu da yawan megafiksel ake ruɗar mai saye, alhali kyamara ba ta ƙara wa kallo komai. Kai da fim ya dama, duba fuskar: nawa ne ƙarfin ta, 720p ko 1080p, kuma ana ganin ta a cikin rana? Duba batir, tunda 5000mAh ya zama ruwan dare a wayoyin masu sauƙin kuɗi, kuma ka san halin wutar mu. Saurari sifika, don wata wayar idan aka zo waƙa sai ka ji kamar ana kaɗa gwangwani.

Ga wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. Mai kallon Netflix ya binciki abin da ake kira Widevine. Idan wayar L3 gare ta ba L1 ba, duk girman fuskar ta ba za ta ba ka hoto tangaran ba. Shi YouTube ba ruwan sa da wannan, matsalar sa cin data. Shiga saiti ka sauke hoton zuwa 480p. A fuskar waya bai da laifi, kuma datar da za ka ƙone a zango ɗaya sai ta kai ka na biyu.