Ba Kowane Ja Ba Ne Manja

Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya a layin masu mai, wata baiwar Allah tana ta ɗaga kwalaben manja tana haskawa a rana. Duk wanda jansa ya ɗan sirka da ruwan ɗorawa sai ta ajiye. A ƙarshe ta zaɓi wani ja jawur kamar jini, ta biya tana murna. Ko sansana shi ba ta yi ba, balle ta ɗanɗana. Wannan ɗabi'a ta sayen manja da ido ita ce ta ba maha'inta dama.

Sun gane cewa ja muke so, sai suke zuba wa gurɓataccen mai rini. Cikin rinin da ake amfani da shi akwai wanda ake kira Sudan IV, na rina man goge takalmi da kaki, wanda aka haramta sa wa a abinci saboda fargabar cutar daji. A shekarar 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta gano shi a manjan kasuwannin Akara, mu ma nan takwararta NAFDAC ta sha yin gargaɗi. Amma har gobe sai ka ji uwargida tana cewa, "Malam, ba ni mai jan nan." Da kuɗinki za ki sayo wa 'ya'yanki cuta?

Jan manja na gaskiya daga sinadarin karotin yake, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki murza, za ki ga ya koma ruwan lemo, da ƙamshin kwakwar manja. Idan ya bar jan da ya ƙi fita, ko kika ji ɗaci da warin sinadari, ki bar masa abinsa. Ki riƙe mutum ɗaya amintacce da kike saye a wurinsa, kuma ki guji manjan da aka ɗura a jarkar da ba ki san abin da ta taɓa ɗauka ba.

Masu cewa su ba sa cin manja kuwa, su duba bayan leda. Taliyar yara, biskit da yawancin farin man girki na galan, tataccen manja ne a ciki, ana rubuta shi palm olein ko palm oil. A sabulu kuma sodium palmate. Wannan an tace shi a masana'anta, launinsa ya tafi. Na kwalba da ake aunawa a kasuwa shi ne abin lura, domin babu mai duba miki shi sai hancinki da harshenki.