Hannun da Aka Hutar: Ƙwaƙwalwa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

A Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, idan ɓarin jikin dattijo ya shanye, nan da nan iyali suke kewaye shi. Wannan ya ba shi tuwo a baki, wancan ya riƙe masa buta, hannun da ya mutu kuma a kwantar da shi a kan cinya, a ce ya huta. Tausayi ne, babu shakka. Amma ina so in nuna muku a shirinmu na yau cewa wannan hutun yana iya zama abin da zai hana hannun dawowa.

A taƙaice, ciwon ba a hannu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, wani yanki ya mutu, kuma da yake hanyoyin saƙo suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, rauni a hagu kan shanye dama. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Ghana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban sanadi.

To, ku ba ni kunnuwanku a nan, domin nan ne abin mamakin yake. A saman ƙwaƙwalwa kowace gaɓa tana da filinta, kuma tun 1937 likita Wilder Penfield a birnin Montreal ya nuna cewa filin hannu da yatsu babba ne ƙwarai. A 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, da abokan aikinsa suka toshe ƙananan jijiyoyin jini a filin hannu na wasu ƙananan birai. Biran da aka ƙyale ba horo, sai ga shi har yankin da ke kusa da raunin, wanda ciwon bai taɓa ba, ya fita daga hidimar yatsu ya koma hidimar gwiwar hannu da kafaɗa. Kamar gonar da mai ita ya daina zuwa ce, maƙwabta su yi ta matso da iyaka. Sauran biran kuwa aka hana su amfani da lafiyayyen hannun, aka sa su kullum suna zaro ɗan abinci daga ƙananan ramuka da hannun da ya samu rauni. Filinsu bai tsuke ba, a wasu ma faɗaɗa ya yi. Ku lura, zaro abinci ne kawai, da yatsu, sau da yawa, kowace rana.

Wani zai ce ai waɗannan birai ne. Gaskiya ne, amma an gwada a kan mutane. A 2006 aka wallafa wani gwaji a Amurka kan majinyata 222, wata 3 zuwa 9 bayan ciwon. Aka sa wa wasunsu safa mai kauri a lafiyayyen hannu, aka yi mako 2 ana sa ɗayan aiki, kuma bayan shekara guda sun fi sauran iya amfani da shi. Wani kuma zai ce mai rabon warkewa zai warke ko ba a yi komai ba. Akwai ƙamshin gaskiya, domin a wata 3 na farko jiki kan farfaɗo da kansa. Sai dai wannan lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar sabon tsari, don haka shi ne bai kamata a ɓata shi ana jira ba. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Hujja mafi nauyi ita ce ta nisa. Likitocin gashin ƙashi suna manyan asibitoci irin na koyarwa na tarayya da ke Katsina, ga tsadar mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Wannan matsala ce ta gaske, kuma haƙƙin hukuma ne ta kawo su kusa. Amma bayan likita ya duba ya koyar, yawancin aikin a tsakar gida ake yin sa: jan carbi, ɓare gyaɗa, ɗaukar moɗa, ɓalle maɓallin riga. A bar Baba ya gwada da kansa, ko da zai zubar, a bar shi ya sake gwadawa.

Lokaci ya ƙure mana, amma sai na faɗi wannan. Ba kowane hannu ne zai dawo ba. Idan babbar hanyar saƙo ta lalace gaba ɗaya, sauƙin kaɗan ne, kuma ba laifin majinyaci ba ne. Dabarar safa ta wanda yatsunsa suka fara motsi ce. Kada a ja mutum ta shanyayyen hannu, kafaɗa na iya gocewa. Duk wanda bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti a ranar, kuma kada a daina shan maganin hawan jini.