Mai Taɓin Hankali Ɗan'uwanmu Ne

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

'Yan'uwa cikin Almasihu, annabi Iliya ya taɓa gajiya da rayuwa har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, ya saurari kukansa, sa'an nan ya mai da shi bakin aiki, ya kuma ba shi Elisha abokin hidima.

Haka ya kamata mu yi da masu taɓin hankali. Ciwo ne kamar ciwon sukari, ba rashin bangaskiya ba. Mu yi addu'a, mu kuma kai su asibiti, kamar na Barnawa a Kaduna ko na Kware a jihar Sakkwato. Kada mu sa wa kowa mari. Kada kuma mu ce ya bar magani don ya ji sauƙi, gama barin magani yakan komo da ciwon.

A 1954 Dokta Lambo na asibitin Aro a Abeokuta ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa jiyya da rana. Ya gane mutum ya fi warkewa cikin mutane.

In ɗan'uwa ya sami sauƙi, mu ba shi abin yi: gona, ɗinki, ko ɗan jari. Ya riƙe kuɗinsa da kansa. Ya koma wurin zamansa a majami'a, mu kuwa mu kira shi da sunansa, ba "mahaukaci" ba.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu haƙuri irin naka, cikin sunan Yesu. Amin.