Daga Gafaka Zuwa Bugun Madina: Wa Ke Riƙe da Shafin Karatunmu?

Ranar kasuwa a garuruwan ƙasar Mayayi da Tasawa, irin su Attantane, ba a rasa mutum guda da ya shimfiɗa buhu a inuwa ya jera littattafai: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Ishiriniya, da Alƙur'ani izu-izu. Ɗauki ɗaya ka duba inda aka buga shi. Da wuya ka ga Yamai ko Maraɗi. Kano za ka gani, ko Zariya, ko Alƙahira, ko Bairut. In ka leƙa masallacin Juma'a kuwa, abin da aka jera a kanta daban ne, Alƙur'ani ne mai bango ɗinkakke, bugun Madina ko kwafinsa. Rubutun su biyun ba ɗaya ba ne, ruwayarsu ma ba ɗaya ba ce, kuma a ƴan shekarun nan na kan kanta sai ƙara ture na kan buhu yake yi. Kafin mu auna dalili, akwai wani labari na wasu mutane masu nisa da ya kamata a ji, domin abin da ke samunmu ya riga ya same su.

Yahudawa suna da babban littafin fiƙihu da muhawarar malamai da suke kira Talmud. Shekaru aru-aru da hannu ake kwafarsa, kowane kwafi da tsarin shafinsa. Tsakanin 1520 da 1523 wani Kirista mai suna Daniel Bomberg ya buga shi cikakke a Benis ta Italiya, ya sa matani a tsakiya, sharhohi suka kewaye shi, ya kuma ba kowace warƙa lamba. Lambobin nan har yau da su ake kafa hujja. Amma gidan da ya kafe shafin ya hana shi motsi shi ne maɗaba'ar iyalan Romm. Baruch Romm ya fara sana'ar a Grodno a 1789, aka mai da ita Bilna, babban birnin Lituweniya na yau, a 1799. A shekarun 1830 rigima ta tashi tsakaninsu da wata maɗaba'a a garin Slavuta kan wa ke da izinin buga Talmud, malamai suka rabu biyu. A 1836 gwamnatin Rasha ta rufe maɗaba'un Yahudawa ta bar biyu kacal, Romm na ciki. Wato ba ƙwarewa kaɗai ta ɗaga su ba, har da hukuma da ta share musu fage.

Daga baya ragamar gidan ta faɗa hannun mace, Deborah Romm, bayan rasuwar mijinta, har sunan kamfanin ya koma na "bazawara da ƴan'uwan miji". A ƙarƙashinta aka fitar da bugun 1880 zuwa 1886, bayan an aika masu kwafa ɗakunan ajiyar littattafai na Turai sun tono sharhohin da ba a taɓa bugawa ba. Gidan ya mutu a 1940 da Tarayyar Sobiyet ta karɓe shi, amma shafin bai mutu ba. Yawancin bugun da ake yi yanzu hoton na Bilna ne. A kansa aka ɗora tsarin karatun warƙa ɗaya kullum da aka fara a 1923, wanda ke cinye warƙa 2,711 cikin kimanin shekara bakwai da rabi, Bayahuden Amurka da na Isra'ila suna kan shafi guda a rana guda. Sai dai sun yi wata togaciya: Attaurar da ake karantawa a wurin ibada dole hannu ya rubuta ta a kan fata, bugun inji ba ya shiga nan. Da haka sana'ar marubuci ta tsira.

Mu namu ya bi wata hanya, kuma a ganina farkonsa ya fi nasu dabara. Alƙur'anin tsangaya ruwayar Warshu ne, da hannunmu na gida mai kauri wanda ya samo tushe daga rubutun Magariba. Harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wasula da jar tawada, hamza da rawaya. Ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa ne cikin tadarishi a zura a gafaka, a ƙasan shafi an rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba don kada ya rikice. Alaramman da ya rubuta shi da ka, ba tare da duba ba, ya kai maƙura a idon jama'a. Takardar ma baƙuwa ce, yawanci ta Italiya mai alamar jinjirin wata uku, da a da ke ratso Sahara. Saboda tsada, a da gari guda kan iya samun cikakken Alƙur'ani ɗaya ko biyu, sauran duk allo ne.

Da inji ya zo, baƙaƙen dalma na Gabas ba su karɓu ba wurin gardawa, don idonsu bai saba da su ba. Sai masu buga littattafai suka yi hikima: a ba gwanin marubuci ya rubuta da alƙalaminsa na kara, a ɗauki hoton shafin, a zuba a faranti, inji ya fitar da dubbai. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin buga littattafai na NNPC daga 1966, sun buga littattafan addini cikin boko da ajami da Larabci. Amma gwadaben da ya kai littafi ƙauye shi ne na ƴan kasuwar Kurmi a Kano, waɗanda ke biyan marubuci da mai inji daga aljihunsu, wani lokaci su aika da rubutun waje a buga. Ta haka hannun mutane irin marigayi Sharif Bala na Gabari ya shiga dubban makarantun allo da bai taɓa takawa ba. Duba Ishmawin kasuwa, za ka ga an bar fili tsakanin layi da layi. Ba ɓarnar takarda ba ce, wurin da ɗalibi zai rubuta fassarar malaminsa ne.

Ƙasar Nijar ba ta samu irin wannan ba. Faransa ta yi wa littafin Larabci kallon abin zargi, ta fi damuwa da lakwal ɗin da zai fitar mata da ma'aikata. Ba a kafa wata Gaskiya a Maraɗi ko Damagaram ba. Don haka malamin Attantane, a zancen littafi, mutumin Kano ne ko bai sani ba. Kaya na tasowa daga Kurmi, su bi Katsina da Jibiya su sauka Maraɗi, ƴan koli su rarraba kasuwannin ƙauye; wasu kuma almajiran da suka tafi ci-rani ne ke dawowa da su a jaka kafin damina. Duk ranar da aka rufe iyaka, kamar 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, ko naira ta yi tsalle gaban sefa, sai an ji a jikin buhun nan na gindin bishiya.

To me ya juya akalar daga Warshu zuwa ruwayar Hafsu? Tushen abin daga Alƙahira yake, inda bugun 1924 ya zama ma'auni a yawancin ƙasashen Musulmi. Amma abin da ya iso ƙofar gidanmu shi ne maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984, mai fitar da miliyoyin kwafi da hannun Usman Ɗaha, shafi 604, layi 15 a kowane shafi, kowane shafi kuma ya ƙare da ƙarshen aya. Alhaji na dawowa da shi kyauta. Mai gina masallaci na zubo shi kwali-kwali. Ɗan Kurmi da ke biyan takarda da tawada ba zai iya gasa da kyauta ba. Ga makarantun Islamiyya da suka yawaita bayan kafa Izala a Jos a 1978, ga madarsoshin Faransanci da Larabci da Nijar ta fara a Sayi tun 1957, ga ɗaliban da suka dawo daga Madina da Azhar, ga musabaƙar da aka fara a Sakkwato a 1986 ta koya wa yara son tajwidi. Na ƙarshe kuma shi ne wayar hannu: shafin da ke cikinta na Madina ne, muryar da ke fita yawanci Hafsu ce.

A faɗi gaskiya, an ci riba. Gidan da da ba shi da ko izu ɗaya yau yana da cikakken Alƙur'ani. Matan aure da ƴanmata da tsangaya ba ta cika ɗauka ba sun samu shiga. Kuskuren mai kwafa ya ragu ƙwarai. Mai hadda kuma yana riƙe hoton shafi a kansa, ko ina ya je a duniya ya buɗe zai tarar da ayar inda ya bar ta, daidai abin da Bilna ta yi wa masu Talmud.

Asarar ita ce ba a cika lissafawa ba, don ba ta ihu. Ajamin Hausa a kan ƙa'idar Warshu ya zauna. Ɗigon nan na imala da ake sawa ƙarƙashin harafi shi ne ya ba mu wasalin "e". Ba shi, ba ka rubuta "gero" ko "lemo". Yaron da ya tashi da Hafsu zalla, in ka miƙa masa wasiƙar kakansa ko waƙar wa'azi da ke cikin gafakar gidansu, sai ya karanta ƙaf a matsayin fa ya tsaya. Dubban rubuce-rubucen da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa, da ma waɗanda gara ke ci a ɗakunan malamai, masu iya karanta su raguwa suke yi. Har wa yau ga ɓacin rai a sahu: saurayi ya ji dattijo ya ja aya da Warshu ya yi masa gyara, alhali ruwayoyin biyu duk ingantattu ne. Marubuci kuwa ya koma zayyanar allo da rubutun sha, domin wanda zai sayi aikinsa na wata da watanni ya yi ƙaranci. Madina na buga Warshu, gaskiya ne, amma don Magariba aka tsara shi, hannun ba na tsangayarmu ba ne.

Ba na ganin akwai mai iya mai da bugun Madina baya, kuma ba na fata. Abin da ya rage a hannunmu shi ne kada shafinmu ya ɓace tare da tsofaffin farantan Kano. Alhazan Maraɗi da Tasawa da ke gina masallatai, ku ware kuɗin tayil na masallaci guda, ku nemi alaramman da har yanzu yake rubutawa da ka a ƙasar Mayayi, ku biya shi ladan hannunsa, a ɗauki hoton aikin a buga, a kuma sa shi cikin waya. Masu Islamiyya kuma ku ba yara ko darasi ɗaya a mako na karatun hannun gida.