Tabaraun da Zai Kai Yaran Gwangwan Dajin Yankari

Yaro a ƙauyen Gwangwan da ke Rogo, jihar Kano, ya san giwa a karin magana, ya san kura a tatsuniya, ya san zaki a kirarin sarakuna, amma da wuya ya taɓa ganin ɗayansu da rai. Yankari na can jihar Bauchi, tafiyar da kuɗin motarta ya fi ƙarfin makarantar ƙauye. Dajin Falgore yana cikin jiharmu, sai dai matsalar tsaro ta sa iyaye ba sa sakin jiki su tura 'ya'yansu. Gidan zu na Audu Bako da ke birnin Kano kuwa dabba yake nunawa a keji, ba a gidanta ba. Wanda bai taɓa ganin abu ba, ta yaya za a ce ya ji zafin rasa shi?

Akwai wata fasaha da za ta rage wannan tazara, wato tabaraun gani-kamar-gaske. Ana ɗaukar bidiyo da kyamarar da ke ganin kowace kusurwa lokaci guda: gaba, baya, sama da ƙasa. A kafa ta bakin mashaya, mutane su janye, dabbobi su zo shan ruwa ba tare da fargaba ba. Daga nan kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama hoto ɗaya mai kewaye. Idan yaro ya sa tabarau ya waiga dama, na'urar da ke cikinsa za ta ji motsin kansa ta nuna masa abin da ke dama. Ya ɗaga kai ya ga reshen bishiya da tsuntsu a kai. Ba dole ba ne a sayi mai tsada. Tun 2014 kamfanin Google ya fito da Cardboard, akwatin kwali mai gilashi biyu da ake zura waya a ciki. A sauke bidiyon sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, sauran aikin sai cajin sola.

Abin da ya fi damuna shi ne me za a zuba a cikin tabaraun. Da yawa daga cikin irin waɗannan bidiyoyi daga Kenya da Tanzaniya suke, da Turanci. Yaron da ya kalle su zai tashi da tunanin cewa namun daji kayan wata ƙasa ne, babu ruwansa da su. Alhali muna da namu labarin. Yankari, wanda aka keɓe a 1956, yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da gwaggon biri da ke yawo har bakin ruwan ɗumi na Wikki. A Nijar, raƙuman dawan Kure sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996. Da hukuma da manoman yankin suka haɗa kai, sai adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, ƙasar Hausa, inda suka daɗe da ɓacewa. Wannan labari ne na manoman gero da wake irin na Rogo da Ƙaraye, waɗanda raƙumin dawa ke yi wa ɓarna a gona amma suka bar shi ya rayu.

Kuma kada a tsaya kan manyan dabbobi. A kai kyamarar bakin dam ɗin Challawa a Ƙaraye da sassafe, a ɗauki tsuntsayen ruwa. A ɗauki shamuwa lokacin da take isowa gab da damina. A nemo ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta ranar kasuwa, yanzu kuwa sai a daɗe ba a gan ta ba, domin ana kama ta ana sayar da sassanta ga masu magani. Tun 2015 aka sanya irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ita ce ke cinye mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Yaron Gwangwan ba shi da ikon kare giwar Bauchi, amma yana da ikon ajiye danƙon harbi, da ƙin sa wa daji wuta saboda gafiya ɗaya.

Muryar da za ta yi bayani ma ta zama ta gida. Tsofaffin maharba da Fulani makiyaya sun san sawu, sun san kukan kowace dabba da inda take kwana. A naɗi maganarsu da Hausa tun suna raye, a ɗora a kan hoton.

Malamin da zai yi amfani da tabaraun ya kiyaye: kallo ya zama gajere, 'yan mintuna kaɗan, don wasu yara na jin jiri, yaro ya kalla a zaune, a riƙa goge gilashin tsakanin mai kallo da na bayansa saboda ciwon ido mai yaɗuwa. Bayan an cire, a fita bayan makaranta da littafi da fensir, kowane yaro ya rubuta tsuntsaye da bishiyoyin da ya gani, ya kai wa kakansa ya tambaye shi waɗanne ne babu a ciki da a da akwai su.