Wankan Amo da Maganar Rashin Barci

Yau maganarmu a kan barci ce, da wani abu da Turawa su ke kira wankan amo.

Kada ka ji an ce wanka ka zaci da ruwa a ke yi. Babu ruwa, babu sabulu. A biranen Amurka da Ingila mutane su kan biya kuɗi su shiga ɗaki, kowa ya kwanta rigingine bisa tabarma, ya rufe ido. Sa'an nan wani ya jera tasoshin tagulla, irin waɗanda a ke ƙerawa a Nepal da Indiya, ya riƙa goga bakinsu da ɗan sanda. Tasa ta yi ta amo mai tsawo, kafin ya mutu wata ta ɗauka. Haka za a yi kamar minti 45 ko awa 1. Amon ya rufe mutum ta ko'ina kamar ruwa, shi ya sa su ka ce wanka.

Za ka ce, ina ruwan mutumin Burkusuma da wannan? To, saurara. Tun 2019 da 'yan bindiga su ka matsa wa ƙasar Sabon Birni da Isa, har dubban mutane su ka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, barci ya yi wuya a gidaje da yawa. Mutum ya kan zo ɗakin magani ya ce kansa na ciwo, ƙirjinsa na bugawa, jikinsa ya mutu. A duba jini, babu zazzaɓin cizon sauro. In ka tambaye shi yaushe rabonsa da barcin kirki, sai ya yi shiru.

Ga yadda abin ya ke. Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan abu mai fitar da wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. In ka firgita sai ya zubo. Zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, naman jiki ya ɗaure. Wannan taimako ne ga mai gudun ceton rai. Amma in tsoro ya zama na kullum, jiki ba ya samun sakewa ko da ka kwanta. Babban mutum kuwa yana bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Amo mai taushi, marar gaggawa, yana janye hankali daga tunani. In hankali ya bi shi, numfashi ya kan yi tsawo. Duk sa'ad da ka saki numfashi sannu a hankali, akwai wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko ƙirji, ita ke rage wa zuciya gudu. Iyakar asirin ke nan. Ba wani abu a cikin tagulla. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa kai makaɗa asibitocin soja a Amurka, a 1950 kuwa masu wannan aiki su ka kafa ƙungiyarsu.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu nemi tasa daga Indiya ba. Uwa mai reno ta riga kowa sani: tana jijjiga yaro, tana waƙa ƙasa-ƙasa, har ya yi barci. Ga sarewar makiyayi da yamma, ga gurmi in an kaɗa shi a hankali, ga karatu da murya mai sanyi ga wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da shi. Amma kada ka haɗa wannan da kiɗan bori, wanda Gobir ta sani tun zamanin da, da gogensa da garayarsa. Shi wancan yana ƙara sauri ne har jiki ya tashi. Wanda mu ke magana kwantarwa ya ke yi.

In kana so ka gwada, ga hanya. Na san da dare kunnenka na waje, ba kuwa zan ce ka toshe shi ba. Saboda haka ka yi da rana, bayan la'asar, a inuwa, wani na kusa yana lura. Ka fara ɗora yatsu 2 a wuyan hannunka, wajen gindin babban yatsa, ka ƙirga bugun jini na minti 1. Ga babba mai hutawa, tsakanin 60 da 100 ne. Sa'an nan ka kwanta, ka kunna rediyo ko waya ƙasa-ƙasa. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi kana ƙirga 6. In tunani ya ɗauke ka, kada ka ji haushi, ka komo ga amon. Bayan minti 15 ka sake ƙirga bugun. Sau da yawa za ka tarar ya ragu. In bai ragu ba ran farko, ka sake gobe.

Kada ka ƙure murya. Ƙara mai yawa, irin ta injin niƙa, tana kashe ji a hankali, jin da ya tafi ta haka kuwa ba ya dawowa. Wanda ya taɓa jin harbi kusa, kada a sa masa ganga ko wani abu mai bugawa ba zato, gama zai firgita ne.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Amo ba ya kashe ƙwayar cuta. Ba ya warkar da zazzaɓi, ko sanƙarau, ko tarin fuka. In an auna ka an ga jininka ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka ba ka magani, ka ci gaba da sha, kada ka ce ka sami sauƙi ka ajiye. Kada kuma ka sayi ƙwayar barci ko taramol a kasuwa. Su kan kama mutum har ya kasa rabuwa da su.

In kuwa rashin barci ya wuce wata guda, ko mafarkin abin da ka gani yana ta da kai, ko ka ji rai ya fita kanka, ka zo ɗakin magani ka faɗa mana. Ba hauka ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinmu, mu kan rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, har zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato. In matarka ce ko mahaifiyarka ke fama, ka kawo ta da kanka ranar kasuwa, da safe, kafin layi ya yi tsawo.